Zanin da Maman Ishaya Ta Kwashe

Inna ba ta shan ƙwaya. Duk Dutsen Kura an san haka, don ita da bakinta take faɗa wa duk wadda ta shigo gidanmu sayen jiƙo. Tukwane uku gare ta a bayan ɗaki: na ganyen dogonyaro, na saiwoyin da wani tsoho yake kawo mata daga Kagara, da na ciwon shawara. Mata su zo da kwalba, ta ɗura musu, ta raka su da magana har ƙofa: "Ku daina cika wa 'ya'yanku ciki da allin Bature."

Shi ya sa da zazzaɓi ya kwantar da ita a ƙarshen daminar 1981, kwana huɗu jiƙonta bai sauke shi ba, sai da ta sa na saki labule kafin ta yi magana.

"Sharifa, ki je kemis. Ba na unguwar nan ba, na can wajen tashar jirgi. Ki ce wata maƙwabciya ce ta aike ki. In na ji maganar nan a bakin wani, ni da ke ne."

Ba ta da abin tsoro a wurina. Ni ko sallama na yi sai an ce in sake, ba a ji ba. Na je na sayo, mai kemis ya naɗe mini a takarda, ya ce huɗu yanzu, biyu da yamma, sai biyu-biyu na kwana biyu. Ranar Talata ke nan. Inna ta haɗiye tana yatsina fuska, ta cusa sauran a ƙarƙashin katifa.

Mutum ɗaya ce a duniya nake iya yi wa doguwar magana, Maman Ishaya. Sunanta Rifkatu, mutuniyar Paiko ce, tana zaune a ɗakuna biyu na bayan gidanmu tun kafin a haife ni. Ita ta yi mini wankan farko. Mijinta ya rasu, Ishaya yana aikin soja a Kaduna, ita kuma tana sayar da sakwara a ƙofar gida. Kullum da safe ni nake taya ta ferar doya, a nan nake zuba mata duk abin da na kasa faɗa wa kowa. Igiyar shanya ɗaya muke da ita, daga bishiyar mangwaro zuwa ƙusar bangon madafa, kuma dokar gidan ita ce wadda ta fara ganin hadari ta kwashe na kowa.

Sai dai a watan nan akwai 'yar tsama tsakaninta da Inna. Jikar Maman Ishaya ta zo hutu ta yi zazzaɓi, aka ba ta jiƙon Inna kwana biyu, a na uku Maman Ishaya ta goye ta sai asibiti. Yarinya ta warke, labari ya kai bakin famfo. Daga nan Inna ta daina aika mata ɗanɗanon miya.

Ranar Laraba da hantsi Maman Ishaya ta dawo daga gonarsu ta Paiko da doya da itace. Da azahar hadari ya taso. Ina ɗaki ina yi wa Inna fifita, ita ta kwashe shanya, ta ninke, ta kawo har ƙofa.

"Maman Sharifa, ga kayanku. Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Inna. Kuma da gaske da sauƙin, zazzaɓin ya sauka. Da ruwa ya ɗauke ta ce in kai mata ruwan wanka, rabonta da shi kwana uku. Ta fito, ta jawo zanin da ke sama, wani atamfa ruwan goro mai zanen tsuntsaye, ta ɗaura.

Ba a yi minti goma ba ta fara susa. Da farko hannu, sai wuya, sai ta tuge ɗankwali ta kama kanta da hannu bibbiyu. Ta miƙe ta goga bayanta a bakin ƙofa. Ban taɓa jin Inna ta yi ihu ba sai ranar.

"Wayyo Allah! Sharifa, allurai! Allurai a jikina!"

Akwai mata uku a tsakar gida suna jiran jiƙo da kwalabensu. Maman Ishaya ta fito da gudu, ta leƙa, ta dafa ƙirji.

"Kai! Ko ƙarara ce? Bana ta cika gona, kowa kuka yake." Ta koma ta fito da manja a kwano. "Shafa wannan, yana kashe ta."

Inna ta tsaya da susa. Ta dubi kwanon, ta dubi zanin jikinta.

"Wa ya ce miki ƙarara ce?"

"Ba kowa. Na ga kina..."

"Ke kika je gona. Ke kika kwashe zanin. Ke kika san sunan ciwon, har da maganinsa a hannu. Bai ishe ki ba kin kashe mini kasuwa a bakin famfo, sai kin bi ni har jikina?"

"Maman Sharifa, ni?"

"Ke! Shekara ashirin ina cin abincin hannunki, ashe Allah ne yake tsare ni."

Matan nan uku suka sunkuyar da kai, irin sunkuyarwar da ke nufin kafin magariba unguwa ta ji. Maman Ishaya ta ajiye kwanon manjan a ƙasa a hankali. Ta je gindin mangwaro ta kwance igiyar, ta je bangon madafa ta kwance, ta naɗe ta a gwiwar hannu. Igiyar tata ce dama.

"Zan aika wa ƙanena Shekwolo," ta ce. "Ranar Asabar ya zo da mota. Ba na kwana a inda ake tsoron hannuna."

Inna ta tuɓe zanin, ta sa na ɗauke shi da sanda na rataye a bayan madafa. Ta ce kada wanda ya taɓa shi sai Baba ya dawo daga Zungeru ranar Juma'a ya gani da idonsa, sannan a ƙone.

Ranar Alhamis abin ya fi muni. Inna ta yi wanka uku don ta wanke ƙararar, kowane wanka kamar an ƙara mata wuta. Ta sa na samo mata totuwar masara tana gurza tafin ƙafa da ita. Da safe kuma ta sa na saki labule, ta haɗiye ƙwayoyinta biyu. A can bayan gida babu ƙarar turmi. Masu cin sakwara suka zo suka koma. Na leƙa na ga Maman Ishaya tana cusa kwanuka a buhu, ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Je ki wurin uwarki, 'yata, kada a ce na shafa miki wani abu." Na koma bayan rijiya na yi kuka.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne totuwar nan. Na taɓa haɗuwa da ƙarara ina ƙarama, na san inda ta taɓa nan take ci, kuma wurin yakan yi ja ya tashi. Jikin Inna babu komai sai sawun farce. Kuma wa yake ɗaura zani a tafin ƙafa?

Da Inna ta aike ni sayen sabulu, sai na zarce asibitin sha-ka-tafi da ke bayan makaranta. Na shiga layi. Duk lokacin da aka kusa zuwa kaina sai in matsa in ce wa na bayana ya wuce. Sau uku. A na huɗu nas ɗin, wata doguwa mai wushirya da ake kira Sista Theresa, ta ajiye biro.

"Ke mai koren mayafi, tun ɗazu kike rabon layi kamar sadaka. Zo nan. Me ke damunki?"

"Ba ni ba ce."

"Ɗaga murya, ƙanwata, ba coci muke ba."

"Wata ce. Maƙwabciya. Tana ƙaiƙayi."

"Ina take sosawa?"

"Ko'ina. Ka, da tafin hannu, da tafin ƙafa."

"Kurji? Kumburi?"

"Babu."

"In ta yi wanka?"

"Ya ƙaru."

Ta karkata kai. "Maƙwabciyar nan, ta sha wani magani kwanan nan?"

An ce kada in faɗa wa kowa. Amma ban faɗa ba, na dai kwance bakin mayafina na miƙa mata takardar da mai kemis ya naɗo ƙwayoyin, da rubutunsa a jiki. Ta duba ta yi dariya.

"Kulorokwin. Ai na sani. Mutanenmu da yawa haka yake yi musu, ni ma yana yi mini. Ba a sha a gidanku?"

"Ba a sha. An ce ƙarara aka sa mata a zani."

Dariyar ta ɗauke. "Wa aka ce ya sa?"

Sai ga hawaye sun zubo mini. Ta tashi ta tura ƙofa, ta jawo mini benci, ta tambayi aikin babana. Na ce reluwe, yana kula da sigina.

"Madalla, kin rage mini aiki. In jirgi ya taso daga Zungeru, ya ake sani a Minna tun bai iso ba?"

"Ana bugo waya. Ƙararrawa ta kaɗa."

"To jikin mutum ma da wayoyinsa. Jijiyoyi ne sirara, sun fi gashi siranta, bakinsu yana cikin fata. Suna tafiya su shiga laka, wadda ke cikin ƙashin baya, daga nan saƙo ya hau zuwa ƙwaƙwalwa. In sauro ya cije ki, ko ƙarara ta soke ki, bakin wayar ne yake bugawa, ƙwaƙwalwa ta ce miki ga ƙaiƙayi a wuri kaza. Fata ba ta san komai ba, aike kawai take yi. Yanzu in wani ya je tsakiyar daji ya taɓa wayar reluwe, ƙararrawa za ta kaɗa?"

"Baba ya ce takan kaɗa."

"Akwai jirgi?"

"Babu."

"To haka maganin nan. Yana bin jini, ya je ya taɓa wayoyin da kansu. Ƙararrawa tana ta kaɗawa, a duba fata babu kowa. Yadda yake taɓa su, ko likitoci ba su gama ganewa ba, kada in yi miki ƙarya. Kawo hannunki."

Ta zare zare ɗaya daga auduga, ta ja shi a hankali a bayan hannuna. Ƙaiƙayi ya taso, na kai ɗaya hannun, ta riƙe shi. Sai ta mintsine ni a kusa da wurin. Na ce wash.

"Ina ƙaiƙayin?"

Na saurara. Babu shi.

"Zafi da ƙaiƙayi a laka suke haɗuwa, kamar jirgi biyu a mahaɗa ɗaya. In zafi ya shigo sai a tsayar da ƙaiƙayi ya jira. Susa ɗan zafi ne kike yi wa kanki, shi ya sa take da daɗi. Da zafin ya wuce sai wancan ya taso. Ki ce wa maƙwabciya ta yanke farce, ta rage wanka. In da sauran magani ta ƙarasa, zazzaɓi shi ke kisa, ƙaiƙayi ba ya kisa. Kwana biyu zai tafi da kansa. Nan gaba ta faɗa a canja mata wani." Ta ƙirga mini wasu ƙananan ƙwayoyi. "Wannan zai taimaka mata ta yi barci. Ita kuma wadda aka ɗora wa laifi, wa zai wanke ta?"

Na karɓi ƙwayoyin na fito.

A hanya na yi ta maimaita maganar don kada ta zube. Amma da na tsaya gaban Inna sai ta fito a guntule.

"Inna, an ce ba zanin ba ne. Wayoyi ne. Na jiki. Maganin ne yake taɓa..."

"Wa ya ce? Wa kika faɗa wa?"

"Ban faɗi suna ba."

"Wayoyi! Ni ce turken lantarki? Ina ɗaura zanin nan abin ya kama ni, ke kina tsaye. Rufe mini baki."

Na rufe. Amma na lura ta karɓi ƙananan ƙwayoyin, kuma ba ta ƙara neman ruwan wanka ba.

Da safiyar Juma'a na ga Maman Ishaya ta mirgino turminta zuwa zaure. Turmin nan tun ina rarrafe yake a gindin mangwaro, har ya yi wa kansa gurbi a ƙasa. Na tsaya ina kallon gurbin. Na san in Baba ya dawo da yamma zai ba kowa haƙuri, kowa ta ce ba komai, gobe mota ta zo. Magana kuwa ba ni da ita. Na gwada ta ƙare a wayoyi.

Na zaga bayan madafa. Zanin yana nan a kan sanda. Gaskiya na ji tsoro, don ta yiwu ƙararar ta bi itacen gona ta hau hannun Maman Ishaya ba da saninta ba. In haka ne, ni da kaina zan ƙarasa ta. Na tuɓe nawa, na ɗaura na Inna a kan fata, na ja shi har ƙirji. Na fito tsakar gida.

Akwai sauran doya biyar a jingine. Na jawo kujera 'yar tsugunne, na ɗauki wuƙa na fara fera, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Inna tana bakin ƙofarta da totuwa. "Sharifa! Kin haukace? Cire!"

"A'a."

Ni kaina sai da na waiga, kamar wata ce ta faɗa. Maman Ishaya ta fito daga zaure ta tsaya. Mata biyu masu sayen jiƙo suka yi sallama suka shigo, ɗaya a cikinsu tana nan ranar Laraba. Ba wadda ta zauna. Kowa ni take kallo.

Zanin bai yi mini komai ba. Amma na manta da abu ɗaya: ruwan ɗanyar doya. Kullum Maman Ishaya takan shafa mini mai a hannu kafin mu fara, yau babu. Ina doya ta biyu wuyan hannuna ya fara ci. Ya hau har gwiwar hannu. Ido takwas a kaina, in na sosa sau ɗaya magana ta ƙare. Gumi ya keto mini. Sai na tuna Sista Theresa. Na sunkuya kamar ina gyara ɓawo, na kafa farcen babban yatsa a wuyan hannuna na danna har sai da na ga taurari. Ya lafa. Na fere rabin doya, ya dawo, na sake dannawa. Haka na yi ta tsayar da jirgi ɗaya da ɗaya har doya ta biyar.

"Ba ya cin ki?" in ji Inna. Muryarta ta sauka.

"Zanin ba ya ci."

Maman Ishaya ta matso ta kama hannuna ta juya. Ta ga sawun farce jere. Ta ɗauko kwanon manjan nan da ke ajiye tun Laraba ta shafa mini. Tana shafawa idonta ya sauka kan Inna, wadda ta manta da kanta tana gurza ƙafa.

"Tafin ƙafa," ta ce a hankali. "Da tafin hannu. Babu kurji." Ta saki hannuna. "Maman Sharifa. Kulorokwin kika sha."

Inna ta dube ni. Na girgiza kai, ban faɗa ba.

"Ba ita ba ce," in ji Maman Ishaya. "Ni ma haka yake mini, har da tsintsiya nake bin ƙafata. Da wata ce da tun Laraba na gane. Amma ke? Wa zai kawo haka a ransa?" Ta goge hannu a zaninta. "Ashe kin gwammace a ce ni muguwa ce da a ce kin sha ƙwaya."

"Wallahi ranar na ɗauka ƙarara ce," in ji Inna. "Wallahi. Jiya ne na fara shakka. To magana ta riga ta fita, ta ina zan kamo ta?"

"Ta inda kika sake ta."

Inna ta daɗe tana kallon totuwar hannunta. Ta dubi matan nan biyu da kwalabensu, ta dubi tukwanenta uku. Na ji tausayinta ya kama ni, don tukwanen nan su ne duk abin da ake girmama ta da shi a unguwa.

"Ku da kuka kai waccan bakin famfo," ta ce, "ku kai wannan. Zazzaɓi ya fi ƙarfin jiƙona, na aika an sayo mini ƙwaya, ita ce take cina. Maman Ishaya ba ta yi mini komai ba sai kwashe shanya. Na zalunce ta."

Ɗaya matar ta dubi kwalbarta. "To Inna, jiƙon fa? A zuba ko a bari?"

"Na shawara ne naki, miƙo. Wanda zazzaɓinsa ya kwana biyu kuma ya tafi asibiti, kada ya zo ya mutu mini a tsakar gida."

Maman Ishaya ba ta ce ta yafe ba. Ta shige ɗaki ta bar mu. Baba ya dawo da yamma ya tarar da turmi a zaure, ya tambaya, kowa ta ce ba komai.

Ranar Asabar da hantsi Shekwolo ya iso da a-kori-kura, ya yi ta danna oda a ƙofar gida. Ina tsaye a bakin rijiya, guga a hannu, na kasa jefawa. Maman Ishaya ta fito, ta dubi buhunan da ta ɗaure, ta dubi Inna da ke zaune ta yanke farce tana dafe da ƙafa.

"Ya ƙaiƙayin?"

"Ya ragu. Saura ƙafar hagu."

"Kada ki sosa. Mare ta."

Ta leƙa zaure. "Shekwolo! Bar odar nan, ka tashi unguwa. Zo ka mayar mini da turmin nan inda yake."

"Yaya, daga Paiko fa na taso! Motar mutane na aro!"

"To ka ci sakwara ka koma. Sharifa, ɗauko wuƙa. Ki shafa mai tukuna."

Igiyar kuwa sai ranar Litinin ta fito da ita. Ta ɗaura nata bakin a mangwaro, ta miƙa wa Inna ɗaya bakin ba tare da ta dube ta ba. Inna ta taka kujera ta ɗaura a ƙusa.